Wace manhajar taswira za a sa wa kwamfutar mota don tafiyar Yamai zuwa Tawa da ƙauyukan Adar?

Alhaji Haruna
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar masana. Muna da motoci uku, Hilux biyu da kamiyo guda, suna ɗaukar kaya daga Yamai zuwa Tawa, daga nan su rarraba ta Kaita, Buza, Ilela, wani lokaci har Abalak. So nake a sa kwamfutar cinya a motar da ke gaba, ta riƙa nuna inda ake a taswira ko da babu rezo, kuma a iya tsara hanya a ofis tun kafin a tashi. Kwamfutar Windows 11 ce. Wace manhaja ta dace, kuma me ake haɗa ta da shi?

Injiniya Salifu
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Kafin a kai ga manhaja, a sani cewa yawancin kwamfutocin cinya ba su da GPS a cikinsu. Wurin da Windows ke nuna maka hasashe ne daga wifi da intanet, da an shiga dajin da babu rezo ya ƙare. Dole a sayi na'urar GPS ta USB.

Iri biyu suka fi yawa a hannun mutane. Akwai GlobalSat BU-353S4, mai maganaɗisu a ƙasanta da waya, gudun aika bayananta 4800 bod. Akwai kuma masu guntun u-blox 7, wato VK-162 mai waya da VK-172 mai siffar kile USB, su 9600 bod ne. Dukkansu salon bayanin wuri da ake kira NMEA 0183 suke fitarwa, wanda kusan kowace manhajar taswira ke ji. Ka ɗauki mai waya. VK-172 a jikin kwamfuta take maƙalewa, ƙarƙashin rufin ƙarfe, ta tagogi kaɗai take hangen sama, shi ya sa ɗigon yake tsalle ko mota na tsaye. Mai waya kuwa a manna ta a kan rufi, ko a ajiye ta dab da gilashin gaba. In ka samu mai u-blox M8 ta fi, don tana jin GPS da GLONASS, taurarin Rasha, lokaci guda, u-blox 7 kuwa ɗaya take ɗauka. Babu wadda ke buƙatar SIM ko kuɗin intanet.

Musa Mai Kwamfuta
Tunda Alhaji ya ce Windows 11, a kula da BU-353S4. Guntun Prolific PL2303 ne ke haɗa ta da USB, kuma akwai tsofaffin nau'o'insa da pilot ɗin Windows 11, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, ba ya karɓa. Za ka ga na'urar a jeri amma ƙofar COM, wadda bayananta ke shiga ta ciki, ba ta buɗuwa. BU-353N5 ita aka fitar a madadinta, in za a saya yau ita za a nema.

Kada a sa kowace manhajar taswira sai an gwada na'urar ita kaɗai. A fita fili, a jona ta, a buɗe Gestionnaire de périphériques, a duba ƙarƙashin Ports (COM et LPT) a rubuta lambar, misali COM4. Sai a buɗe PuTTY, manhajar da ke nuna abin da ke shigowa ta ƙofar, a zaɓi Serial, a sa lambar da gudun bod ɗin. In komai daidai ne layuka za su riƙa zuba, masu farawa da $GPGGA da $GPRMC, ko $GN a sababbin na'urori. In wasu baƙaƙe marasa ma'ana suka fito, bod ɗin ne ba daidai ba. A layin RMC akwai harafi guda bayan lokaci: A na nufin ta kama wuri, V na nufin ba ta kama ba tukuna. Layin GGA kuma shi ke faɗin yawan taurarin da take amfani da su da HDOP, ma'aunin ingancin wurin, wanda ake so ya kasance ƙasa da 2. Karon farko a bar ta kwata guda a fili, don cikakken jadawalin taurarin minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya gama sauka.

Abubuwa uku ke wahalar da mutane bayan nan. Na ɗaya, u-blox kan fito ƙarƙashin Capteurs maimakon Ports, manhajar taswira kuma ƙofar COM take nema. Sai a canja mata pilot zuwa Périphérique série USB. Na biyu, in aka kunna kwamfuta na'urar na jone, Windows kan ɗauka linzami ne, kibiyar ta haukace tana danne-danne ita kaɗai. A cire GPS, a sa Gestionnaire ya nuna ɓoyayyun na'urori, a nemo Microsoft Serial BallPoint a kashe shi. A kashe shi na ce, kada a goge, in an goge dawowa yake. Na uku, ƙofar COM guda manhaja guda take ɗauka. In PuTTY na buɗe, manhajar taswira za ta ce babu GPS. Mai son manhajoji biyu su yi aiki tare sai ya sa GpsGate Splitter ta raba ƙofar. Kuma a riƙa jona ta a rami guda kullum, in an canja rami lambar COM na iya canjawa.

Alhaji Haruna
Madalla, na gode. Na'ura ta fita. Saura manhajar.

Abdu Transpor
Alhaji, kada a wahalar da kai. MapFactor Navigator Free na Windows shi ne amsar. Kyauta ne, yana sauke taswirar Nijar gaba ɗaya a cikin kwamfuta, ba ya neman intanet bayan nan, yana lissafa hanya, yana magana da Faransanci ya ce juya dama juya hagu, maɓallansa kuma manya ne. A saitin GPS ka sa lambar COM da bod, ko ka bar shi ya nemo da kansa. Yaron mota zai koye shi a yini guda. Sauran da za a lissafa maka na masu aikin taswira ne, ba na masu kai kaya ba.

Hajiya Ramatu
Malam Abdu, ban musa ba, amma a gane abu guda. MapFactor Free, da OsmAnd, da Organic Maps, da Navit, da QMapShack, duk daga rijiya guda suke ɗiba, wato OpenStreetMap. Abin da babu shi a can babu shi a cikinsu duka. Saboda haka tambayar farko ita ce ko taswirar ta san hanyoyin da motocin Alhaji ke bi, kuma ana iya gano haka cikin awa guda ba tare da an sa komai ba. A buɗe shafin openstreetmap.org a ofis, a zauna da direban da ya fi sanin yankin, a bi ƙauyukan da ake kai wa kaya ɗaya bayan ɗaya.

RN1 daga Yamai ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, da reshen da ya tashi daga Tsarnawa ya bi Badagishiri zuwa Tawa, duk suna nan daidai. Cikin Yamai ma taswirar na da kyau. Matsalar tana farawa ne da an sauka daga kwalta. Wata hanyar an zana ta daga hoton tauraron ɗan Adam ba wanda ya taka ta, wata an zana rabi an bari, wata kuma tana nan amma ba a ɗaure ta da babbar hanya ba, tazarar mita biyu ta rage. Ido zai ga sun haɗu, na'urar lissafi kuwa ta ce babu hanya, ta zagaya da kai kilomita masu yawa.

Don gwada shekarun taswirar da manhaja ta sauke, a duba gada ta uku ta Yamai, ta Janar Seyni Kountché, wadda aka buɗe a 2021. In gadar Kennedy da ta China kaɗai suka fito, taswirar ta tsufa, a sabunta.

Sai sunaye. Ka rubuta Dogon Dutsi ba za ka samu ba, Dogondoutchi aka sa. Gidan a taswira Guidan ne, Tudu kuma Toudou ko Toudoun. Sabon Gari da Tunga kuwa ba su ƙirguwa. Mai neman ƙauye da suna zai iya zaɓar takwaransa na wata jiha bai sani ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta fitar da ReNaLoc a 2014 bisa ƙidayar 2012, jerin garuruwa da ƙauyuka ne tare da lambobin wurinsu. Da shi za a tantance, a yi wa kowane wurin sauke kaya alama da lambobinsa.

Lawali Tawa
Hajiya ta taɓo wurin. Ni abin da nika tsoro ga maganar Abdu shi ne muryar nan mai cewa juya dama. Bisa kwalta ba ta da amfani, don direban Yamai zuwa Tawa ba ya ɓata, wajen kilomita 550 ne hanya guda. Cikin daji kuma, inda anka fi bukatarta, nan ne take da haɗari.

Na'urar lissafi gajarta ta sani da gudu. Tana iya zaɓar maka ta Balleyara da Filinge don ta fi kusa bisa taswira, alhali wanga zaɓi ba na kwamfuta ba ne, sai an tambayi halin hanya da na tsaro ranar da za a tashi. Cikin Adar kuma ƙasar duwatsu ce da kwaruruka: Majiya, kwarin Kaita, kwarin Badagishiri. Hanyar da ta ratsa ƙorama da rani rairayi ne, ana wucewa. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan da anka yi bisa tudu nesa shina iya saukowa ya cika ta, ko ɗigo bai sauka inda kake ba. In ruwan ya janye kuma gaɓa ta zaizaye, mashigar ta koma wani wuri, motoci sun buɗe sabon sawu. Taswira ba ta san wannan ba. Sannan da damina gonaki sun rufe sawun rani, gero ya tashi, hanyar da kwamfuta ta nuna tana tsakiyar gonar mutane.

Abin da ke aiki shi ne sawu. A kunna naɗi duk tafiya, kwamfuta ta rubuta inda taya ta taka. Bayan wata biyu uku Alhaji na da taswirar kansa wadda ta fi ta kowa ga yankin. Sabon direba sai ya bi layin da wanda ya riga shi ya bi. Don haka manhajar da za a zaɓa ita ce wadda ke naɗa sawu da kyau, ta nuna sawu da yawa lokaci guda kowane da launinsa.

Abdu Transpor
Lawali, ai akwai saiti. Ana iya hana shi bin hanyar da ba kwalta, ana iya rage gudun kowane irin hanya don lokacin isa ya fito daidai.

Hajiya Ramatu
Saitin yana aiki ne in an rubuta wa hanyar irin shimfiɗarta a OpenStreetMap, wato alamar surface. Da yawan hanyoyin karkara ba a rubuta musu ba, sai manhajar ta yi hasashe daga ajin hanyar. Hanyar burji mai gargada da aka sa wa ajin secondary za a lissafa ta da gudun kwalta. Radiye, mashigar siminti a cikin ƙorama, ma akwai alamarsa, ford=yes, amma sai wanda ya je ya gani yake sa shi. Kuma in ka hana shi duk abin da ba kwalta ba, ba zai kai ka ƙauyen ba sam. Ban ce a yar da MapFactor ba, yana da kyau wajen nemo unguwa a Yamai da kimanta nisa. A nan dai ya tsaya.

Injiniya Salifu
Ga abin da Lawali ya kwatanta, QGIS ce ta fi dacewa, kuma kyauta ce. Ba ta magana, ba ta cewa juya, amma tana nuna ɗigonka a kan duk abin da ka shimfiɗa mata. A sauke sigar LTR, ita ce ba a cika taɓawa ba.

A shafin Geofabrik a sauke fayil ɗin OpenStreetMap na Nijar, kullum ake sabunta shi. Iri biyu ne. Mai .shp.zip ya fi sauƙi: a ciki akwai gis_osm_roads_free_1 na hanyoyi, a raba launi bisa fclass, wato ajin hanya, trunk da primary su yi kauri, track ya zama siriri. Amma babu surface a cikinsa. Mai son wannan sai ya ɗauki .osm.pbf, QGIS na buɗe shi kai tsaye. Ko wanne aka ɗauka a mayar da shi salon fayil na GeoPackage, in ba haka ba kwamfuta za ta riƙa nauyi duk sanda taswira ta motsa. A ɗora garuruwa da magudanan ruwa, sai alamomin wuraren sauke kaya, sai sawun motoci a sama.

GPS kuma ta Vue, Panneaux, Information GPS ake shiga, a zaɓi ƙofar COM a haɗa. Daga siga 3.30 an ware mata sandar maɓallai ta kanta. A sa taswira ta riƙa komawa tsakiya sai ɗigo ya kusa fita allo, ba kowane daƙiƙa ba, don sake zana allo kowane daƙiƙa na cin batir yana ɗumama kwamfuta. A kunna ajiye sawu kai tsaye cikin fayil, don in wuta ta ɗauke kada tafiyar yini ta tafi. In an gama shiri a ajiye aikin gaba ɗaya a babban fayil guda, a kwafe a kile biyu.

Gaskiya sai an samu mutum guda a ofis da zai zauna ya koye ta. Na cikin mota dai buɗewa zai yi ya danna haɗa.

Malam Isufu
Ku yara kun manta da OziExplorer. Ta kuɗi ce, amma don wannan aikin aka yi ta, masu ratsa dajin Ostareliya suka saba da ita. Hoton taswira take ɗauka, kowane iri, ka nuna mata wurare sanannu a jikinsa, daga biyu zuwa tara, ta rubuta fayil .map, shi ke nan ɗigonka na tafiya a kai. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukarta, kuma naɗin sawu da alamomi a cikinta ya fi na QGIS sauƙi nesa ba kusa ba.

Amfaninta babba shi ne taswirorin IGN, hukumar taswira ta Faransa, na 1/200 000. A nemi na yankin Tawa a IGNN, hukumar taswira ta Nijar, nan Yamai, a yi musu sikan. Sun tsufa, amma dutse da kwari ba sa tashi. Suna nuna gangaren tudu, ƙoramu, rijiyoyi, abin da OpenStreetMap ba ta damu da shi ba a karkara. Sai dai a karanta gefen takardar. Tsofaffin ba a kan WGS 84, ma'aunin ƙasa da GPS ke bi, aka yi su ba, Clarke 1880 za ka gani. In ka saita su kamar WGS 84 ne, ɗigonka zai kauce da mita gommai ko fiye da ɗari, ka ga motarka na tafiya gefen ƙorama alhali kana cikinta.

Hajiya Ramatu
Baba Isufu, Allah ya ja kwana, maganar tudu da kwari gaskiya ce. Amma QGIS ma na da Géoréférenceur da ke wannan aikin ba a biya ko dala ba, kuma a can ana iya ɗora tsohuwar takardar a ƙasa, sababbin hanyoyi a samanta. Inda Ozi ta fi shi ne sauƙi a cikin mota, wannan na yarda. In yaron motar bai saba da kwamfuta ba, Ozi ta fi masa.

Hasana
Ni tambayata daban ce. Me ya sa dole kwamfutar ta shiga mota? Yawancin kwamfutocin cinya an ƙayyade musu aiki ne zuwa digiri 35. A Afrilu da Mayu Yamai da Tawa na wuce 40 a inuwa, balle bayan gilashi. Za ta rage gudu, ta kashe kanta, batir ya kumbura. Allonta na da hasken nit 250 zuwa 300, da rana tsaka ba a ganin komai. Da hunturu fanka na zuƙar ƙura. In kuma faifanta mai juyawa ne, gargada za ta kashe shi, SSD dole ne. Toughbook na Panasonic irin CF-19 da CF-31 an yi su don haka, allonsu na kai nit 1000, amma ba ita Alhaji ke da ita ba.

A bar kwamfuta a ofis ta yi tsari, a sa wa kowace mota waya ko tablet mai OsmAnd. GPS na ciki, tana naɗa sawu, tana bin fayil GPX mai ɗauke da sawu, taswirar na cikinta babu ruwanta da rezo. Motoci uku duka sun samu, maimakon ta gaba kaɗai.

Injiniya Salifu
Ƙanwata, rabin maganarki na karɓa. Ko da kwamfuta a mota, waya mai OsmAnd ta zama ta biyu, wannan wajibi ne. Amma in aka tarar ƙorama ta cika ana neman wata mashiga, allon inci 14 mai hoton tauraro da tsofaffin sawu biyar a kai ya fi waya. A nan kwamfuta ke biyan kuɗinta. Ba sai tana kunne duk tafiya ba. Bisa kwalta a rufe ta a jaka, waya ta yi naɗi, a buɗe ta in an sauka daji. Kuma na gefen direba ne ke riƙe ta, direba idonsa na hanya. Kada a kafa mata mazauni a gaban jakar iska ta fasinja.

Sule Lantarki
Wajen wuta, kada a sa konbatisa mai mayar da volt 12 zuwa 220 sannan a jona cajar gida. Juyi biyu ke nan, asara biyu, zafi biyu, kuma masu arhar kan sa linzamin kwamfuta rawa. A nemi cajar mota mai ba da volt 19 kai tsaye, ko USB-C PD mai wat 65 in kwamfutar na karɓa. Ramin sigari fis ɗinsa amfiya 10 zuwa 15 ne, wat 120 zuwa 180 ke nan, ya isa. Matsalarsa girgiza: kan cajar na sassautawa, ya yi tartsatsi, ya narke. Gara a ja waya daga batir da fis nata dab da batirin. Kamiyo volt 24 ne, har wasu tsofaffin Land Cruiser na gazuwal ma, a karanta jikin cajar ko an rubuta 12 zuwa 24 kafin a jona. A cire ta lokacin tada mota. A cikin Windows kuma a kashe Suspension sélective USB, a hana kwamfuta barci in an rufe murfi, in ba haka ba GPS na yankewa sawu ya fito da giɓi.

Alhaji Haruna
Injiniya ya ambaci hoton tauraro. Ana samunsa babu intanet? Kuma yaya ake kai hanyar da aka tsara a ofis zuwa wayoyin direbobi?

Musa Mai Kwamfuta
Google Earth Pro kyauta ne, kuma yana ajiye abin da ka kalla. A Outils, Options, Cache a kai ma'ajin faifai ƙarshensa, wajen giga 2 ne. Sai a bi hanyar a hankali a ofis, a tsayin da ake son gani, a bar hoton ya washe kafin a matsa. In ma'ajin ya cika tsohon yake zubarwa, don haka tafiya guda ake shiryawa, ba jihar Tawa duka ba. A cire intanet a gwada kafin a tashi. Yana karɓar GPS ma ta Outils, GPS, Temps réel. A duba ranar hoton a ƙasan allo, wani na shekarun baya ne, kuma na rani ba ya nuna inda ruwa ke kwanciya. A QGIS ana iya yin MBTiles, fayil mai ajiye hotunan taswira, amma kowane matakin kusantowa na ninka yawan hotuna sau huɗu, kuma ba kowane mai hoto ya yarda a kwashe masa ba, a karanta sharuɗɗansa.

Kaiwa waya kuma da GPX ne. Abu uku fayil ɗin ke ɗauka: alamomi, hanya, sawu. Hanya ƴan ɗigo ne kawai, wayar ce ke cike tsakaninsu da nata lissafin, sai ka ga abin da aka tsara a ofis daban, abin da direba ke gani daban. Sawu layi ne ƙayyadadde, ba mai sake shi. Kullum sawu za a tura. QMapShack na da kyau wajen wannan: yana lissafa hanya babu intanet da Routino, ka gyara da hannu, ka mayar da ita sawu, ka yanke ko ka haɗa tsofaffi. BaseCamp na Garmin ma na yi, amma ba ya nuna inda kake a mota, na tebur ne.

Naɗin ɗigo guda kowane daƙiƙa na ba da 3600 a awa, tafiyar awa 8 ta zama 28,800. A rage da GPSBabel:
gpsbabel -t -i gpx -f shiga.gpx -x simplify,crosstrack,error=0.005k -o gpx -F fita.gpx
Wannan na zubar da duk ɗigon da cire shi ba zai kautar da layin fiye da mita 5 ba. A ajiye na asali.

Hajiya Ramatu
A tsayar da salon rubuta lambobin wuri guda ga kowa, digiri da lamba biyar bayan ɗigo, a kan WGS 84. Lamba ta biyar wajen mita guda ce, ya wadatar. Haɗarin shi ne cakuɗa salo: 13°30′ daidai yake da 13.5, ba 13.30 ba. Wanda ya kwafe shi 13.30 ya kauce da wajen kilomita 22, don digiri guda kilomita 111 ne. A QGIS X shi ne na gabas, Y na arewa. Yamai na wajen 13.5 arewa, 2.1 gabas, in aka juya su alamar can wajen iyakar kudancin Kamaru za ta faɗa. Excel na Faransanci kuma waƙafi yake sawa maimakon ɗigo, sai a danna akwatin da ke cewa waƙafi ne mai raba lamba lokacin shigo da CSV.

In wani ya ba ku UTM, salon lambobin wuri na mita da ya raba duniya shiyya-shiyya, ku tambayi shiyya. Yamai da Tawa da Kaita na 31N, layin digiri 6 ne iyaka. Buza na dab da shi, Abalak na 32N. Lamba guda a shiyyar da ba tata ba fiye da kilomita 600 take kaucewa.

Lawali Tawa
Abu biyu zan ƙara. Na farko tsaro. Sawun motoci da lokutan tashinsu sirrin kamfani ne, kada a zuba su cikin guruf na WhatsApp mai mutane da yawa, kada a raba wurin mota kai tsaye sai ga mutum ɗaya ko biyu na ofis. Kada a yi wa shingen jami'an tsaro ko barikinsu alama. In an iso shinge a bar kwamfuta a fili, takardun mota da na kaya a hannu, a faɗi aikinta in anka tambaya. Arewa da Tawa, wajen Abalak, hukuma ake tambaya kafin taswira.

Na biyu, yadda za a sa wa sawu suna, don in sunka yi yawa ba mai gane su. A fara da kwanan wata, sai mota, sai daga ina zuwa ina, sai rani ko damina. Sawun rani launi guda, na damina wani. Kowace mashigar ƙorama a yi mata alama a rubuta ƙasanta, rairayi ko laka ko dutse, da ko akwai radiye.

Abdu Transpor
To kamiyon fa? Sawun Hilux ba lalle ya ɗauke shi ba.

Lawali Tawa
Ba ya ɗauka. Kamiyo nasa sawun daban za a naɗa, da nashi launi, kuma a rubuta ko da kaya ya bi ko wayam. Mashigar da Hilux ta haye da gudu, kamiyo mai tan 10 shina iya nutsewa cikinta har aksil. Hawan dutsen da ke fita daga kwari ma haka, a yi alama ƙasan hawan da samansa, a rubuta giyar da anka hau da ita. Lokacin isa kuma kada a ɗauki na manhaja, a ɗauko daga tsohon sawun motar, tunda kowane ɗigo na da lokacinsa. Mai ma haka: a rubuta litar da anka sha kowace tafiya a gefen sunan sawun, don shan mota cikin rairayi ba ɗaya ba ne da na kwalta, kuma a riƙa ɗaukar ƙarin kashi ɗaya cikin uku bisa abin da lissafi ya ba da.

Musa Mai Kwamfuta
Tunda za a dogara da lokacin da ke cikin sawu, a duba kwanan watan da na'urar ke bayarwa a layin RMC ranar gwaji. Ƙidayar makonnin GPS ta koma sifiri a 6 ga Afrilu 2019, wasu tsofaffin na'urori tun daga nan suke ba da shekarar da ta koma baya da kusan 20. Wurin daidai ne, ranar ce ba daidai ba, sai sawun su jeru a hargitse. In an ga haka a mayar wa mai shago. Lokacin kuma UTC ne, wato agogon duniya, agogon Nijar na gabansa da awa guda, a saita wannan a manhajar.